Alhaji mai tsaga 13 da direbansa mai jarfa ɗaya

 Niyyata a wannan mako ita ce mu yi maganar albasa da dillalanta, to amma wata ƴar takarda da na tarar liƙe a bango a garin Madawa ta sha gabana, kuma tun ranar da na karanta ta ban samu sukuni ba. Ku yi mini haƙuri. Albasa ba ta gudu, in ma ta gudu warinta zai nuna mana inda ta shiga.

Takardar tana ƙofar wata mangaza ta wani babban ɗan kasuwa, wanda ba zan ambaci sunansa ba domin dattijo ne, kuma na sha fura a gidansa. Yana da motoci uku masu raba kaya: sabulu, makaroni, sukari, madara da man girki. Su ke bin kantuna tun daga Madawa zuwa Buza da Karofan, su haura Keita da Tamaske da Ibohaman, su sauke kwali su karɓo kuɗi. Ɗansa da ya yi lakwal ne ya buga takardar da Faransanci, harshen da babu ko ɗaya cikin direbobin da ke karanta shi sosai. Dokoki biyar ne. Kada a ɗauki fasinja a hanya. Kada a yi waya ana tuƙi. Wanda aka kama da tramol ya kori kansa. Kada a kwana da kuɗin kaya a aljihu in an iso gari. Waɗannan huɗu babu mai hankalin da zai yi gardama da su, ni kaina da zan samu dama da na liƙa su a kowace tasha ta jihar Tawa. Ta biyar ɗin ce ta kawo mu nan. Cewa ta yi duk direban da ke da wata alama da aka zana a jikinsa wadda ido ke gani, ba zai ƙara tuƙa motar gidan ba, kuma an ba shi wata ɗaya ya goge ta ko ya aje makulli.

Ba zan ɓoye muku ba, ina da ruwa da tsaki a cikin maganar. Mutum ɗaya tak wannan doka ta nufa, shi ne ɗan yayata. Shekararsa 26. Kamar dubban samarin Adar, ya tafi bida Abija tun gemu bai fito masa ba, ya yi dako a bakin tashar jiragen ruwa, ya zama yaron mota, har Allah ya sa ya samu permi. Yana da shekara 19, wani dare shi da abokan ɗakinsu suka je wurin mai allura a Tereshbil, kowa aka zana masa abin da ya zaɓa. Shi ya zaɓi hoton ƙarfen nan da ake jefawa cikin teku don tsayar da jirgi, da ɗan tauraro a samansa, a bayan hannun dama tsakanin gwiwa da wuyan hannu. Samari na ce wa abin tatuwaj, kakanninmu kuwa jarfa suka san shi. Ya dawo gida ya yi aure, yana da ɗiya biyu, kuma shekara biyu ke nan yana tuƙa wa Alhaji mota ba a taɓa cewa kwali ɗaya ya ɓata a hannunsa ba.

Da ya zo wurina da dare, cewa ya yi: «Kawu, wallahi da na san haka za ta kasance da ban yi ba. Ƙuruciya ce. Yanzu wani ya ce mani in aza ƙarfe mai zahi bisa wurin, wani ya ce ruwan batir. Mi kag gani?» Na ce masa kada ya kuskura ya taɓa hannun nan sai na ga Alhaji.

Washegari bayan la'asar na iske Alhaji a kan tabarma a ƙofar mangaza. Bagobiri ne na asali, kuma duk wanda ya san Madawa ya san abin da wannan ke nufi: tsage sun taso daga gefen baki sun bazu har gindin kunne, shida a wannan kunci, bakwai a wancan. Muka gaisa, na ce: «Baba Alhaji, ranka shi daɗe, na karanta takardarka, na zo in yi maka jaje, domin bisa ga abin da aka rubuta kai ne mutum na farko da za a hana tuƙa motarka.» Ya yi dariya har rawaninsa ya goce. Ya ce: «Mushe, kai dai ba ka rabuwa da tsiya. Wannan da kake gani, ni ban roƙe ta ba. Ina jinjiri anka kira wanzami. Gadon ubana ce. Shi kuwa yaronka da ƙahwahunsa ya tahi, ya biya kuɗɗi, anka ɓata mishi jiki.»

Daga nan ya jero hujjojinsa, kuma adalci ya sa in kawo muku su yadda suke, domin ba maganar banza ba ce. Ya ce direba mai raba kaya ba kamar mai jan albasa zuwa Akara ba ne, wanda daga shi sai hanya. Wannan yana shiga kanti, yana shiga zaure, wani lokaci matar mai kanti ce ke ƙirga masa kuɗi in maigidan ya tafi ci-rani. A ƙauyukan Buza ba a san fuskar Alhaji ba, fuskar direbansa aka sani. Ya ce masu kanti biyu sun yi masa magana, ɗaya ya ce shi ba zai damƙa jika ɗari uku a hannun da ke da zanen ƴan iska ba. Ya ce a shingayen hanya mai irin wannan zane ya fi daɗewa ana bincikensa, kuma mota in ta tsaya awa guda asarar mai ita ce. A ƙarshe ya ce addini ya hana, shi kuwa ba ya son haram a cikin dukiyarsa.

Bari mu bi su a hankali, mu fara da bambancin da ya yi tsakanin tasa alama da ta yaron.

Gaskiya ne tsaga da jarfar zamani ba abu ɗaya ba ne. Tsaga takardar shaida ce ta zamanin da babu takarda. Kafin a san kartidantite, fuskar mutum ke faɗin garinsu da gidansu. Tsofaffi na ba da labarin yadda a lokacin yaƙe-yaƙe da harin bayi ake gane ɗan gari a kasuwar nesa ta hanyar tsagarsa, har a yi ƙoƙarin fansarsa. Bagobiri da tasa, Ba'are da tasa, Bakabe da Babarbare kowa da tasa. Har yau ita ce ƙofar wasan taubasantaka: Bazabarme in ya hango Bagobiri a tashar Yamai ba ya bukatar tambaya, sai ya fara da cewa wane kyanwa ce ta yakushe ka. Wannan wasa na tsakanin ƙabilun Nijar hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin gadon al'adun duniya a shekara ta 2014. Saboda haka in Alhaji ya ce tsagarsa gado ce, bai yi ƙarya ba.

To amma wanzami ba tsagar gado kaɗai yake yi ba, kuma a nan ne hujjar Alhaji ta fara ɗingishi. Akwai tsagar magani, wadda ake yi wa yaro mai ciwon kai ko mai saifa. Akwai alamar da ake yi wa ɗan wabi don mutuwa ta ƙyale shi. Sannan akwai ta ado zalla, wadda mutum ke zuwa da ƙafarsa ya biya kuɗinsa: bille, kalangu, ƴar baka, fashin goshi. Iyayenmu mata da yawa suna da jarfa a hannu da wuya da gefen ido, an tsaga an shafa baƙin tukunya don ta zauna, kuma suna ƴan mata suka je aka yi musu, don kwalliya, ba don wani ya gane su a kasuwar bayi ba. Woɗaaɓen da ke ratsa arewacin Keita da shanunsu, maza da mata, fuskokinsu cike suke da zane mai shuɗi, ba wanda ya taɓa ƙin sayen nononsu saboda haka. Ashe ke nan zuwa da ƙafa a biya kuɗi a zana jiki ba daga Abija ya faro ba. Abin da ya sake shi ne hoton da mai zanen. Da wanzamin unguwa ne da askarsa, yanzu wani saurayi ne da injin allura. Da kalangu ne, yanzu ƙarfen jirgi ne. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wani abin da ya kamata masu tsaga su tuna shi ne, ƙafar da ake taka yaron nan da ita a Madawa, da ita ake taka ƴaƴansu a wani wuri. Ku tambayi samarinmu masu tsagar gado da suka nemi aikin gadi ko na otel a Abija ko Legas irin kallon da ake yi musu. A can su ne ƙauyawa, su ne waɗanda ba a so baƙo ya fara cin karo da su. A Najeriya ma dokar kare haƙƙin yara ta shekara ta 2003, a sashe na 24, ta hana yi wa yaro jarfa ko tsaga, ta haɗa su a kwando ɗaya. A nan gida kuwa ba sai da doka ba: ku shiga kowace lakwal ta Madawa ku ƙirga yara masu shida da bakwai, sannan ku ƙirga a cikin sahun tsofaffi ranar Juma'a. Jikokin Alhaji kansa babu mai tsaga ko ɗaya, na tambaya. Alamar da ke jawo girma a yau tana iya jawo raini gobe, ko a gari na gaba.

Maganar masu kanti ita ce ta fi nauyi, domin ciniki da yarda yake tafiya. Kuma tsoron nasu ba daga sama ya faɗo ba. Sun ji labarin yaran da ake kira mikrob a unguwar Abobo ta Abija, waɗanda suka addabi mutane da adduna bayan rikicin 2011. Sun ji na ƴan fale na Damagaram, waɗanda Aisha Maki ta nuna rayuwarsu a fim ɗinta mai suna Zinder a 2021. A idon mai kantin Tabotaki, zane a hannun saurayi yana nufin kurkuku, ko ƙwaya, ko daba. Sai dai tambayar da na yi wa Alhaji ita ce: cikin shekara biyu, kuɗin wa ya ɓata? Ya ce babu. Na ce to direban da ya gudu maka da kuɗin kaya shekarun baya, har aka yi ta cigiya, wane zane gare shi? Ya yi shiru, sannan ya ce wannan kam ko ɗigo babu a jikinsa, har ma shi ke jan salla in an tsaya a hanya. Ban ƙara komai a kai ba.

Ina so ƴan kasuwa su lura da wani abu game da ƙasar nan tamu. Adar ƙasar ci-rani ce tun kaka da kakanni. Lokacin da aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da dasa itatuwa, saboda mazan suna Kodebuwa da Najeriya da Libiya. Yaran da ke tafiya suna dawowa da rediyo da kuɗin aure da sana'a, suna kuma dawowa da abin da suka gani ana yi. Yawancin ƙwararrun direbobinmu a can bakin teku suka koyi tuƙi. Wanda ya ce yana son permin Abija amma ba ya son ƙurar Abija, zai daɗe yana neman direba.

Yanzu ga abin da doka ta ce, domin a nan ne na ga ma'aikatan gwamnati da ƴan kasuwa duka suna tuntuɓe. Kundin dokokin ƙwadago na Nijar, wato doka mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, wadda ta maye gurbin ta 1996, ta yarda mai ma'aikata ya tsara dokokin cikin gida. Amma ta yi musu iyaka: tsarin aiki, ladabtarwa, tsabta da kariyar lafiya. Kuma ba a bango ake fara liƙa su ba. Ana nuna wa wakilan ma'aikata, ana kai wa sufeton ƙwadago ya duba, yana da ikon cewa a cire abin da ya saɓa wa doka. Takardar Alhaji ba ta bi ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi ba. Kundin ya kuma ce ba a korar ma'aikaci sai da dalili karɓaɓɓe, wanda ya shafi iya aikinsa, ko halinsa, ko wata larura ta tilas ga tafiyar ma'aikatar. Zanen da mutum ya zo da shi ranar da aka ɗauke shi, aka gani aka ba shi makulli, da wuya ya rikiɗe ya zama laifi bayan shekara biyu.

Sashe na 5 na kundin ya hana nuna bambanci wajen ɗauka da biya da kora saboda jinsi, shekaru, asali, launin fata, addini, ra'ayin siyasa, naƙasa, ciwon sida, amosanin jini ko shiga sandika. Ku lura, bai ambaci kamannin jiki ba, don haka mai jarfar zamani ba shi da wata inuwa ta musamman a wannan sashe. Amma mai tsagar gado yana da ita, domin tsagarsa asalinsa ce. Wanda ya rubuta «duk wata alama da ido ke gani» ya jefa tarunsa ya kamo Bagobiri da Ba'are da Boɗaaɗo, ya shiga hurumin da doka ta hana shiga, ko da ba su ya nufa ba. Wannan shi ne haɗarin ba yaro injin rubutu a ce ya tsara doka.

Mu leƙa waje kaɗan, don kada a ce mu kaɗai ke fama. A Faransa, tun dokar 16 ga Nuwamba 2001, kamannin jiki yana cikin abubuwan da aka hana nuna bambanci a kansu, kuma ƙa'idarsu ita ce duk takurawar da mai aiki zai yi wa ma'aikaci sai irin aikin ya wajabta ta, kuma kada ta wuce gwargwadon bukata. A Amurka akwai kamfanin UPS, wanda sana'arsa ke nan raba kaya gida-gida da motocinsa masu ruwan ƙasa. Shekara da shekaru yana hana direbobinsa gemu da doguwar suma, yana tilasta musu rufe zane. A ƙarshen 2018 sai da ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 4.9 don kashe ƙarar da hukumar daidaita damar aiki ta shigar a madadin waɗanda dokar gemu da suma ta tauye saboda addininsu, cikinsu har da Musulmi. A Nuwamba 2020 ya saki maganar gemu, daga baya ya sassauta ta zane. Ina so masu gemu cikin masu karatu su tsaya kan wannan: dokar da ta hana mai zane ita ce ta hana mai gemu, a takarda ɗaya, da hujja ɗaya, wai abokin ciniki ba ya so.

A Japan kuwa, inda ake danganta zanen jiki da ƴan daba kamar yadda mai kantin Tabotaki ke yi, magajin garin Osaka, Toru Hashimoto, ya sa a 2012 aka tambayi ma'aikatan birnin fiye da 30,000 ko suna da zane. Wani direban bas ya ƙi amsawa, aka hukunta shi, ya kai ƙara. Kotun farko ta ba shi gaskiya a 2014, ta ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin a 2015. Ka ga ke nan ko alƙalai ba su sha ruwa ɗaya a kan maganar ba.

Saura addini. Babu musu, hadisin da ya la'anci mai yin jarfa da wadda ake yi wa yana cikin Buhari da Muslim, kuma ni ba malami ba ne balle in yi wa kowa fatawa. Abin da na sani shi ne malamai sun bambanta tsakanin aikata abu da ɗaukar tabonsa bayan an tuba. Maganar da ta shahara a wurinsu ita ce wanda ya tuba, kuma cire zanen zai cutar da shi, ba a tilasta masa, alwalarsa da sallarsa suna nan daram. Da yawansu kuma ba su ware tsagar gado daga wannan hani ba, shi ya sa wa'azi ya taimaka wajen mutuwarta. In Alhaji zai ɗauki wannan sanda, sai ya lura tana da kai biyu. Yaron nan kuwa ya riga ya yi nadama tun kafin a buga takarda.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a dokar shi ne kalmar gogewa. Jarfa ba alli ba ce. Tawadar tana ƙarƙashin fata, shi ya sa ba ta fita da wanka. Hanyar da likitoci ke bi ita ce na'urar haske mai suna laza, zama bayan zama, wata da watanni, da kuɗin da direba mai albashin da bai fi mafi ƙanƙancin albashi da yawa ba, wato jika 42 tun Janairun 2024, ba zai ko yi mafarkinsa ba. Abin da ya rage wa talaka shi ne ƙarfe mai zafi, ruwan batir da reza. Sakamakonsu ƙuna ne, da gyambo, da tabon nan mai kumbura wanda fatarmu ta baƙaƙe ta fi saurin yi, wanda ya fi zanen muni nesa ba kusa ba. In kuma rezar ta bi jikin wani kafin ta zo naka, ga ciwon hanta ga sida. Duk wanda ya ba ma'aikaci wata ɗaya ya goge jarfa, ya sani ko bai sani ba, wurin maƙeri ya aike shi.

Ra'ayina, tun da shafin nan na ra'ayi ne, mai mota yana da haƙƙi a kan yadda direbansa zai bayyana gaban abokan cinikinsa. Yana iya cewa a sa riga mai dogon hannu a lokacin aiki. Yana iya cewa hoton batsa, ko na zagi, ko alamar wata ƙungiyar daba ba za a gan shi a motarsa ba. Yana iya faɗin haka ranar ɗauka, kowa ya ji, mai so ya zauna. Amma in shi ya wajabta rigar, shi zai saye ta, kuma ya tuna da watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a kwarin Magiya, mutum yana sauke kwali hamsin. Yadi mara nauyi ba alfarma ba ce. Abin da ba shi da haƙƙi a kai shi ne fatar kanta. Ba zai sa a ƙone ta ba, ba zai sa a tuɓe wa mutum riga don a bincika ba, ba kuma zai yanke albashi a matsayin tara ba, domin kundin ƙwadago ya hana mai aiki cin ma'aikaci tara. Shugabannin ma'aikatun gwamnati da na ƙungiyoyin agaji masu ɗaukar direbobi, maganar nan ta shafe ku, domin na san irin abin da ake raɗawa a kunne in an zo tantance masu neman aiki, wanda ba ya shiga takarda.

Su kuma samari, kada su ɗauka na ɗaure musu gindi. Wanda ke Abija ko Tiripoli yana karanta wannan a waya, ya tuna wata rana Garhanga zai dawo, kuma mai kantin da zai miƙa masa kuɗi bai karanta dokar Faransa ba. Doka na iya hana a kore ka, ba ta iya sa surukinka ya saki fuska.

Na koma wurin Alhaji bayan kwana uku, na tarar ya yi shawara da limamin unguwarsu da wani tsohon ma'aikacin ofishin ƙwadago da ya yi ritaya. Bai cire takardar ba, domin a cewarsa babba ba ya liƙa abu da safe ya ɓalle da yamma. Ya dai sa ɗansa ya ja layi da biro a kan doka ta biyar, ya rubuta a ƙasa cewa kowane direba zai sa riga mai dogon hannu in yana bakin aiki. Kowane direba, har waɗanda ba su da zane, don kada a nuna mutum ɗaya da yatsa. Wannan dabarar tasa ce, ba tawa ba. Na tambaye shi wa zai biya tela. Ya ce: «Mushe, kai da ka kawo ƙara, ai kai ya kamata ka ɗinka ma ɗanka.» Muka yi ta ja har aka kira magariba. An tsaya kan shi zai sayi yadin mutum uku, kuɗin ɗinki kuwa kowa ya ji da nasa. Sauran direbobin biyu, waɗanda ba su ci ba ba su sha ba, har yanzu ba sa amsa gaisuwata da kyau.

Yaron ya ɗauki kaya zuwa Keita ranar da na baro Madawa. Mai kantin da ya ce ba zai damƙa masa kuɗi ba yana kan hanyar, shi ne tsayawa ta huɗu.